Ciwon Cikin Gidansu

Maza biyu ubansu ya bari, kuma duk wanda ya san gidan ya san wanda ake yi wa tsoron mutuwar wuri. Auta ne. Shekararsa arba'in da ɗaya, fentin mota yake yi a wani gareji bayan tashar manyan motoci, kuma tun yana ɗan sha bakwai sigari bai bar leɓensa ba. Kwali ɗaya a rana, ran da aiki ya yi yawa ɗaya da rabi. Abincinsa na rana gasasshen nama ne da lemon kwalba mai sanyi, a tsaye yake ci, hannu na warin tina, ruwan sirka fenti. Takunkumin da ake sawa in za a yi feshi kuwa yana rataye a ƙusa, har gizo-gizo ya yi ɗaki a ciki.

Yayansa malamin lissafi ne a makarantar sakandare, ya ba shi shekara biyar. Mutum ne da zai ɗebi sukari da ƙaramin cokali, ya dube shi, ya mayar da rabi. Keke yake hawa zuwa makaranta, tafiyar minti arba'in, ba don ba shi da halin mashin ba. Duk ranar Asabar sai ya biyo ta garejin, ya jingine keken, ya tsaya daga nesa yana kore hayaƙi da hannu.

"Auta, wannan tarin naka ba na lafiya ba ne. Injin ya kusa bugawa."

"Yaya, injin da ke hayaƙi ai shi ke aiki."

"Za ka yi bayani a gaban likita."

Haka suke shekara da shekaru, ba mai jin haushin wani.

Wata Asabar Yaya ya zo, maimakon wa'azin da ya saba sai ya zare bel ɗinsa ya miƙa wa Auta, ya ce ya huda masa sabon rami. Auta ya ɗora bel ɗin a kan katako, ya sa ƙusa da guduma. Sai da ya gama ya lura akwai wani ramin kusa da shi, shi ma sabo, an huda da wuƙa a karkace. Ya ɗaga kai ya dubi yayansa da kyau. Wuyan rigar ya yi masa yawa, idanunsa sun yi fari fat.

"Tun yaushe?"

"Wata uku ko huɗu. Basir ne. Ina ganin ɗan jini in na zaga."

"Ka je asibiti?"

"Jarrabawa ake yi. In an tashi hutu zan je."

Auta bai jira hutu ba. Ranar Litinin ya rufe rumfarsa, ya je ƙofar makarantar da motarsa, ya yi ta danna ham har sai da Yaya ya fito don kunya.

Sati uku aka yi ana kai da kawowa: gwajin jini, hoton ciki, sannan aka zura wata doguwar roba mai kyamara a kai aka leƙa hanjin, aka yanko ɗan nama aka kai ɗakin gwaji. Ranar da za a faɗi sakamako, matar Yaya ta ce ba za ta iya shiga ba, don haka Auta ne ya shiga da shi. Likitar gajeriya ce, gilashinta na rataye a wuya da igiya, ba ta da dogon zance. Ta ce ciwon daji ne a babban hanji. Ta ce hoto bai nuna ya taɓa hanta ko huhu ba, za a yi tiyata a yanke wurin, daga baya a ga ko sai an ƙara da magani.

Yaya ya gyara zama ya ce, "Likita, ba na shan taba. Ba na shan komai. Jan nama ma sai in yi wata ban ci ba."

"Na gani a takardarka," in ji ta. "Shi ya sa nake so in yi muku wasu tambayoyi. Shekara arba'in da shida ya yi wuri ga wannan ciwon."

Ta jawo farar takarda, ta zana 'yan akwatuna biyu gefe da gefe, ta ce su ne. Ta ja layi sama ta zana wani, ta ce mahaifinsu.

"Yana raye?"

"Ya rasu. Shekara talatin ke nan."

"Yana da shekara nawa? Me ya same shi?"

Suka dubi juna. Auta yana ɗan sha ɗaya a lokacin. Abin da yake iya tunawa kawai shi ne ɗakin da aka hana su shiga, da bokiti a ƙofa, da zanin gado da ake wankewa kullum. Yaya ya ce, "Arba'in da bakwai. Ciwon ciki."

"Wane irin ciwon ciki?"

"Haka dai aka ce mana."

Ta tambayi 'yan'uwan mahaifinsu, da kakansu. Kowace tambaya sai su ce wallahi ba su sani ba. Mahaifiyarsu ta rasu da tsufanta bara waccan, ba su taɓa tunanin tambayarta ba. Likitar ta ninke takardar ta miƙa wa Auta, ba Yaya ba.

"Akwai tsoho ko tsohuwa da ta rage a dangin babanku? Ka je ka cike min wannan. Wa ya rasu, yana da shekara nawa, me aka gani a jikinsa. Ba sunan ciwon nake so ba, abin da ido ya gani."

Gwaggo ce kaɗai ta rage, yayar babansu, shekara saba'in da tara. Tana zaune a hawa na biyu na wani tsohon bene, kuma har yanzu da ƙafarta take hawa, tana zagin wanda ya gina matakalar. Auta ya same ta da la'asar tana haɗa shayi. Yana kallo ta zuba sukari cokali huɗu, manya.

Bayan sun gaisa ya faɗa mata halin da Yaya ke ciki. Ta ajiye cokalin. Ba ta yi kuka ba, ta dai ce, "Shi ma?"

"Shi ma kamar yaya, Gwaggo?"

"Rubuta," ta ce, tana nuna takardar da haɓa.

Ta fara da ubanta, kakansu. Tana 'yar sha biyu ya rasu, bai kai hamsin ba, furfura ma ba ta gama fito masa ba. Ciki ya kumbura, shi kuwa ya bushe kamar sanda, bayan gida ya tsaya. Aka ce hannu aka sa masa a wurin aiki. Sai babansu Auta: jini ya yi ta zuba shekara guda ana cewa basir ne, ana jiƙa masa wannan ana dafa masa wancan, da aka kai shi asibiti suka buɗe cikin suka mayar suka ɗinke. Sai ƙanwarta, uwar tagwaye, ita kuma jinin mata ne ya ƙi tsayawa, aka ce wani abu ne ya tsiro a mahaifa. Arba'in da huɗu.

"Mu shida ya haifa," in ji Gwaggo. "Uku ciki ya ci, in ka sa da shi kansa huɗu ke nan... a'a, tsaya. Babanka da uwar tagwaye, biyu. Na ukun ƙaninmu da ya tafi aiki nesa, gawa kawai aka kawo, matarsa ta ce amai ya yi ta yi. Sa alamar tambaya a kansa. Sauran biyun, ɗaya mota, ɗaya hawan jini. Sai ni, da aka manta da ni."

Auta ya dubi takardar. Ta cika da akwatuna, rubutunsa duk a karkace.

"Gwaggo, kin san duk wannan, ba ki taɓa faɗa mana ba?"

"Wa ya tambaye ni? Shekara talatin kuna zuwa, ku gaishe ni, ku ajiye sabulu, ku duba agogo. Na ɗauka kowane gida da irin mutuwarsa. Ban san abin kai wa likita ba ne." Ta tura masa kofi. "Sha. Kai kuma har yanzu kana busa wannan abin? Tun daga matakala na ji warinka."

Da ya sauko ya zauna a mota, ya kunna sigari, ya ƙare ya kunna wani da wutar na farkon. Lissafin da ya yi mai sauƙi ne. Yaya ya kiyaye komai, ciwo ya kama shi. Gwaggo tana shan sukari kamar ƙudan zuma, ta kusa tamanin. To ashe abin a jini yake, an gama rubutawa tun kafin a haifi mutum. Satin nan kwali biyu ya riƙa sha a rana. Matarsa ta yi magana, ya ce ta bar shi ya ji da abu ɗaya.

Aka yi wa Yaya tiyata ranar wata Talata, awa huɗu. Kwana biyu da yi ya riga ya fara takawa a barandar ɗakin marasa lafiya, yana tura ƙarfen ƙarin ruwa, yana ƙirga taku. A rana ta huɗu Auta ya zo da tsakar rana ya same shi zaune, an ba shi izinin shan ruwan shayi.

"Sa min sukari," in ji Yaya.

Auta ya ɗebi rabin ƙaramin cokali.

"Cika shi. Ƙara wani."

Auta ya yi dariya, ya ga Yaya ba dariya yake ba. Yaya ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya ajiye.

"Ba daɗi ma. Shekara ashirin ina hana kaina, ashe bakin ya manta." Ya juya yana kallon taga. "Kwana biyun farko da aka faɗa min, haushinka na ji, Auta. Gara in faɗa maka. Na ce ga wanda ya nema can yana yawo."

"Ni ma abin da na ce ke nan."

"Na sani. Na gani a fuskarka."

"To ka ga amfanin keken ke nan, Yaya. Da ka sani ka ci abin da ranka ke so."

Bai san likitar tana bayansa ba, tana duba takardun gadon kusa. Ta juyo ta sa gilashinta.

"Malam mai fenti, ina takardata?"

Ya zaro ta daga aljihu, ta yi laushi da gumi. Ta karanta a tsaye, ta jinjina kai, ta ce ya same ta a ofis in ta gama zagaye.

A ofis ta shimfiɗa takardar a tebur. Ta ce yawancin masu ciwon daji ba gadonsa suka yi ba. Cikin goma da wuya a sami ɗaya. Sauran shekaru ne, da taba, da giya, da ƙiba, da abin da mutum ke shaƙa a wurin aiki, wani lokacin kuma ba a san dalili ba sam. Amma gidansu daban ne. Gwajin naman da aka yanko daga hanjin Yaya da wannan takardar duk abu ɗaya suke nunawa. Jikin mutum kullum yana sabunta ƙwayoyinsa, kullum ana samun kuskure, kuma akwai abin da ke bi yana gyarawa. A gidansu, wasu suna gadon mai gyaran da rauni. Duk ɗan da mai wannan rauni ya haifa, ko ya ɗauka ko bai ɗauka ba, rabi da rabi ne. Gwaggo da alama ba ta ɗauka ba, ko ta ɗauka ta tsira, don ba duk wanda ya gada ne ke kamuwa ba.

"To ai maganata ke nan, Likita. In a jini yake, me taba ta ƙara?"

"In aka kawo maka mota biyu, ɗaya an yi mata shafin hana tsatsa daga kamfani, ɗaya ba a yi ba, wacce za ka bari a ruwan sama?"

"Ba ko ɗaya. Amma marar shafin ko raɓa ba na bari ta taɓa."

"To kai ba ka san wacce ce kai ba, kuma shekara ashirin da huɗu kana cikin ruwa. Ka bar batun hanji ma. Huhunka da mafitsararka ba ruwansu da kakanka, taba da hayaƙin fenti sun ishe su." Ta tura gilashin sama. "Yayanka kuma, kar ka ƙara ce masa keke bai yi amfani ba. Keke bai hana ciwon zuwa ba, gaskiya ne. Amma zuciyarsa da huhunsa ne suka ɗauki awa huɗu a kan tebur ba gargada. Kai da a ce kai ne, sai na yi shawara da mai sa barci sau biyu."

Ta ce abu biyu take so. A ɗebi jininsa a aika gwajin gado, zai ɗauki makonni. Kafin nan, da irin wannan takardar, ba sai an jira ba: a leƙa hanjinsa da kyamara.

"Ta ina?" in ji Auta, ko da yake ya sani.

"Ta inda kake tsammani."

Ya ce zai yi shawara. Ya yi sati biyu yana shawara. Ranar da aka sallami Yaya, suna cikin mota, Yaya ya ce ba zai fita ba sai Auta ya koma ya karɓi rana. Ya zauna abinsa da ɗinki a ciki, cikin zafin mota, ya harɗe hannu. Auta ya koma.

Leƙen bai ba shi wuya ba, barci ya yi. Jajibirin ne ya gane kurensa: ba abinci, sai wani ruwa mai gishiri-gishiri jarka guda da aka ce ya shanye. Ya yini tsakanin kujera da banɗaki, matarsa tana tsaye a ƙofa tana tambayarsa ko ta kawo masa filo can ciki. 'Ya'yansa mata biyu suna ɗaki suna ƙunshe dariya.

Da ya farfaɗo, likitar ta nuna masa hoto. Wasu 'yan tsiro ne guda uku a bangon hanji, babban bai fi ƙwayar wake ba. Ta ce ta cire su duka tun yana barci. Gwaji ya nuna ba su zama daji ba tukuna, amma babban ya kama hanya.

"Da an bar shi fa?"

"Shekara biyu, uku. A irin gidanku abin yana sauri."

Bayan sati shida sakamakon jini ya dawo. Ya ɗauki raunin. Ya zaci zai ji wani abu mai girma, amma abin da ya fara zuwa masa shi ne fuskar 'yarsa babba, mai shekara sha huɗu, da yadda take tauna biro in tana aikin makaranta. Likitar ta ce yara ba yanzu ba. In sun kai ashirin za a yi musu bayani su zaɓa da kansu, kuma mata sai an riƙa kula da mahaifa ma. Shi kuwa duk shekara ko shekara biyu zai dawo a leƙa, har iya rayuwarsa.

Taba ba ta bar shi da sauƙi ba. Ya daina ranar Juma'a, ya koma ranar Lahadi. Ya sake dainawa ya yi kwana goma sha ɗaya, ya yi faɗa da mai walda a kan wayar wuta, ya yi faɗa da wani mai mota da ya ce shuɗin bai yi shuɗi ba, ya koma. Sai a karo na huɗu dainawar ta zauna, da taimakon wani abin mannawa a dantse da likitar ta rubuta masa, da ɗanyen karas da yake ta gurgura har abokan aiki suka sa masa suna Zomo. Ya sayi sabon takunkumi mai matata biyu. Naman bai bari gaba ɗaya ba, ya dai mayar da shi na ranar Asabar, sauran ranaku matarsa na zuba masa abinci a kula, da ganye fiye da yadda yake so.

Yaya ya yi wata shida yana karɓar magani. Ya rame, yatsunsa suka riƙa yin sanyi suna sagewa har alli na faɗuwa daga hannunsa, amma ya koma aji kafin ƙarshen shekara. Hoton da aka yi masa bayan nan bai nuna komai ba. Likitar ta ce ba a cewa an gama sai an shekara biyar, Yaya ya ce ba komai, ya iya ƙirga.

Saura tagwayen ƙanwar Gwaggo, mace da namiji, shekararsu talatin da takwas, suna wani gari. Likitar ta rubuta wasiƙa, Auta ya ɗauki hotonta ya tura musu, sannan ya kira. Macen ta saurara har ƙarshe, ta yi tambayoyi, ta ce za ta je. Namijin direban bas ne. Ya ce shi lafiyarsa ƙalau, kuma ba a haifi wanda zai zura masa roba ba. Ya kashe waya. Auta ya sake kira sau biyu a watan, ba a ɗauka ba, ya ƙyale shi.

Wata uku bayan nan, da hantsi, Auta yana goge ƙofar wata farar mota da samfefa, waya ta yi ƙara. Direban ne. Ya yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi Yaya, ya tambayi Gwaggo, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya yi zancen tsadar taya. Auta ya bar shi ya gama kewaye-kewayensa.

"An cire wa 'yar'uwata tsiro guda biyu," in ji direban daga ƙarshe.

"Na ji. Ta kira ni."

"Abin nan... da zafi?"

"Barci za ka yi. Ba za ka san an yi ba."

"Kar ka rufe ni, ɗan'uwa."

"Wallahi. Ruwan da za ka sha kafin nan ne masifa. Kar ka kuskura ka ɗauki fasinja ranar."

Ana jin hayaniyar tasha a bayan direban. Sannan ya ce ranar Laraba ce ba ya fita aiki, ko Auta zai iya raka shi, don ba ya so matarsa ta sani tukuna.

"Zan zo," in ji Auta. "Amma matarka za ta sani. Banɗaki ɗaya gare ku."